Garantin sandar fatsa ba ya ƙetare teku da sauƙi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana kan wani abu da na san ba kowa ya damu da shi ba amma ni ya dame ni, saboda kuɗin mutane ne ke tafiya. Ina zaune a Ingila, kuma ina irin kamun kifin nan da Turawa ke yi da ƙugiyar da aka ɗaure mata gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ƙwaro ko ɗan ƙaramin kifi, ni dai fatsar ƙwaro nake ce mata. Tun da bidiyoyin masu zuwa kogin Faro a arewacin Kamaru suna kama giwan ruwa da tsage da irin wannan fatsa suka fara yawo a Facebook da YouTube, samari daga Garwa da Yola har da wajen Kainji suke ta turo min saƙo, Yaya wace sanda zan saya, Yaya an ce min in ba ta manyan kamfanonin nan Sage ko Orvis ba to asarar kuɗi ce saboda su ne masu garanti. Wannan magana ta garanti ita nake so mu duba da kyau.

Da farko dai sandar nan ba irin gorar da muka sani ba ce. A fatsar da muka saba, nauyin dalma ko na abincin da ke jikin ƙugiya shi ke jan zare ya tafi. A nan kuwa ƙugiyar ba ta da wani nauyi, igiyar ce mai nauyi, sandar kuma aikinta ta lanƙwashe ta miƙe ta wurga igiyar. Shi ya sa ake ba su lamba. Tun farkon shekarun 1960 masu ƙera kayan a Amurka suka tsayar da ma'auni bisa nauyin ƙafa 30 na farkon igiya, lamba 5 ita ce ta kowa da kowa a wajen masu kama tirawut, wani kifin ƙasashe masu sanyi, lamba 8 ko 9 ta tsage ce, giwan ruwa kuwa a Faro da lamba 12 ake fita masa, kuma da daddare. Yawancin sandunan ƙafa 9 ne, gaɓa huɗu ake harhaɗawa, kuma tun wajen 1973 da kamfanin Fenwick ya fito da ta zaren kabon kusan duk an koma can, gora da faiba sai masu sha'awa.

Manyan kamfanonin ba a banza suka yi suna ba, wannan kam dole a faɗa. Orvis tun 1856 yake a garin Manchester na jihar Vermont, Hardy tun 1872 a Alnwick nan arewacin Ingila, Sage kuma 1980 aka kafa shi a tsibirin Bainbridge na jihar Washington. Su ne ke kashe kuɗi a kan bincike, in ka riƙe sandarsu ta sama za ka ji ba nauyi, in ka wurga kanta ya tsaya cak ba ya ta karkarwa, kuma in ka sayi biyu iri ɗaya za ka same su iri ɗaya. In ka gaji da ita ka sayar da daraja. Amma fa farashin na samansu yanzu ya kai wajen dala 1000, sanda kawai, ba igiya ba manaɗi, wato abin da ake naɗe igiyar a jiki, kowa ya buga wannan da canjin Naira ko Sefa ya gani.

To garantin fa? Orvis na ba da na shekara 25, Sage da wasu da dama na ba da na tsawon rai ga wanda ya fara saye. Mutane na jin haka sai su ɗauka in ta karye sabuwa za a miƙo musu kyauta, alhali ba haka abin yake ba. Akasari sai ka nuna kai ne ka saya daga dilan da suka yarda da shi, wanda ya sayi ta hannu a eBay ko wani ya ba shi kyauta yawanci ba ya ciki. Sannan akwai kuɗin gyara da za ka biya ko da kana da garantin, wasu kamfanonin ma in samfurin ya tsufa kuɗin ƙaruwa yake, sannan da yawansu sai ka tura musu sandar gaba ɗaya domin a daidaita sabuwar gaɓar da tsofaffin, ka jira makonni, in lokacin da kowa ke fita ruwa ne jiran ya fi haka. Ga mutumin da ke Montana a Amurka ko Yorkshire a Ingila wannan ba komai ba ne, ya kai gidan waya ko ya miƙa wa shagon da ya saya, kafin nan ya ari ta abokinsa. To kai da kake Garwa fa, wa zai ɗaukar maka dogon bututun da ake saka sandar a ciki zuwa Amurka, nawa kamfanin aika kaya zai caje ka zuwa da dawowa, in ta dawo kwastan su ma suna jiran nasu, kuma lokacin kamun a Faro ɗan watannin rani ne daga wajen Janairu zuwa Afrilu sanda ruwa ya ja ya yi garau, kafin sandarka ta dawo damina ta sauka ruwa ya yi ja. Kuɗin garantin nan kuwa ka riga ka biya shi a cikin farashi tun ranar da ka saya, ko ka amfana ko ba ka amfana ba.

Kuma wallahi sanda tana karyewa, mai tsada da mai araha duka. Mafi yawa ma ba kifi ke karya ta ba. Ƙofar mota, fankar silin in mutum ya harhaɗa ta a ɗaki, takawa, ƙugiya mai idon dalma ta dawo da ƙarfi ta bugi jikinta ta yi mata rauni sai wata rana ta ɓalle a wurin, ko gaɓa ta yi sako-sako ba a lura ba a ci gaba da wurgi, ko a ɗaga ta tsaye tsak lokacin da kifi ya zo kusa da ƙafa nauyin duka ya koma kan tsinin. Masu tsadar ma da yake an yi su da siririn jiki don su yi sauƙi, ba su fi jure duka ba.

Mu da in za mu sayi mota sai mun fara tambaya ko akwai kayan gyaranta a Ƙofar Ruwa, ban ga dalilin da zai sa a sanda mu manta da wannan tambaya ba.

Yanzu ga ɗaya ɓangaren, kar a ce na ce a je a kwaso duk abin da aka gani a AliExpress. Akwai kamfanoni irin Maxcatch na China da ke sayar da sanda ƙasa da dala 100, akwai kuma wasu da sunansu yau yana nan gobe babu. Matsalar masu arahar nan ba wai duk marasa kyau ba ne, a'a, rashin tabbas ne, ka samu ɗaya ta yi kyau har ka yi mamaki, abokinka ya yi odar irinta ta zo da zobban da igiya ke bi ta ciki a karkace. Wata an rubuta lamba 5 a jiki amma sai ka sa mata igiya lamba 6 ko 7 take lanƙwasa yadda ya kamata. Don haka in ta iso ka duba gaɓoɓin suna kama juna gam ba ƙara in ka girgiza, ka leƙa ta cikin zobban ka ga layi ɗaya suke, ka duba mariƙin ko duk ciko ne aka yi wa ramukansa wanda zai zube bayan an jiƙe, ka ɗaura manaɗi ka ga mazauninsa na riƙewa. Kuma kafin ka biya ka tambayi mai sayarwa abu ɗaya, yana sayar da gaɓar sama ita kaɗai? In ya ce eh ka haɗa da guda ɗaya ko biyu a odar nan take, wasu ma da ƙarin kai suke zuwa a cikin bututun.

Sannan akwai na tsakiya waɗanda mutanenmu ba su cika jin sunansu ba, kuma ni su na fi nuna wa mai tambaya. Temple Fork Outfitters na Dallas a Texas, wanda marigayi Lefty Kreh, wani gwanin wannan fatsa, ya yi aiki da su wajen tsara sanduna, a Koriya ta Kudu ake ƙera musu. Sai Echo, wanda wani gwanin wurgi Tim Rajeff ya kafa. Redington kuma kamfani ɗaya ne ya mallake shi da Sage da masu igiyar RIO. Waɗannan da dala 150 zuwa 300 ka samu sanda da ba za ta ba ka kunya ba, da kuɗin babbar guda ɗaya ka sayi biyu har ka yi ragowa.

Ga yadda nake gani. Wanda zai koya a dam ko tafki yana kama karfasa, ya sayi mai araha lamba 5 ko 6, ya haɗa da ƙarin kai, ragowar kuɗin ya zuba a igiya mai kyau, domin igiya mara kyau ko a sandar dala 1000 ka sa ta wahala za ka sha. Ya tabbatar kuma igiyar ta ƙasashe masu zafi ce, ta ruwan sanyi in ta sha ranarmu laushi take ta yi danƙo ta ƙi gudu a cikin zobba. Amma wanda zai tunkari giwan ruwa da dare, kifin da kan wuce kilo 50 kuma in ya ji ƙugiya duwatsu yake nufa, ban yarda ya je da lamba 12 da ba a san asalinta ba, nan wurin na tsakiyar nan ne, kuma guda biyu zai riƙe. Wanda Allah ya hore masa yana kuma yawan zuwa Turai ko Amurka, ya sayi Sage ɗinsa ko Hardy, shi garantin zai yi masa aiki tunda da hannunsa zai kai ya karɓo.

Roƙona ga masu shagunan kayan kamun kifi da masu yin oda daga waje, in za ku shigo da irin waɗannan sanduna ku tsaya kan samfuri ɗaya ko biyu, ku ajiye gaɓoɓinsu a shago, ku kuma faɗa wa mai saye tun farko ko garantin da ke jikin takardar ku za ku ɗauke shi ko shi zai tura da kansa.

Na gode Edita, Allah Ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Wani mai karatu daga Sheffield, Ingila