A duba huhun mashaya taba da kyau

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana da likitocinmu da masu busa sigari a Kaduna.

Wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2011 ya nuna hoton CT na ƙirji, wato hoton na'ura mai nuna cikin jiki dalla-dalla, ya rage mutuwa daga kansar huhu da kashi 20 cikin ɗari a tsakanin waɗanda suka daɗe suna shan taba. Yanzu a can ana shawartar 'yan shekara 50 zuwa 80 da suka daɗe suna shan taba su riƙa yin sa duk shekara.

To, ba kansar huhu kaɗai hoton ke tonawa ba. Yana nuna inda hayaƙi ya cinye ƙananan jakunkunan iska na huhu, ciwon da ke sa dattijo haki daga gida zuwa masallaci, mu kuwa mu ce tsufa ne ko ƙurar hunturu. Abin da ya lalace ba ya dawowa, amma barin taba na rage saurin ɓarnar.

Roƙona ga likitocin asibitin Barau Dikko da na Shika: tunda an riga an biya kuɗin hoton, kuma ba kaɗan ba ne, a duba wannan ɓangaren ma, sannan a tura mutum gwajin hura iska domin a tabbatar.

Wassalam,
Mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna