Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, kan gwajin jini na CrAg

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bara ƙanwata ta rasu da sanƙarau, amma ba irin wanda muka saba gani a lokacin zafi ba. Tana ɗauke da cutar ƙanjamau, ta kuma daina zuwa karɓar magani saboda gudun bakin mutane. Da ciwon kai ya sa ta gaba, aka ce maleriya ce, daga baya aka ce taifot. Sati uku muna kai-komo tsakanin kemis da asibitin unguwa. Har yau ina ganinta kwance ta lulluɓe fuska da mayafi, domin ko hasken taga ba ta iya jurewa. Sai da aka ɗebi ruwan ƙashin bayanta a babban asibiti aka gano ƙwayar Kiriftokokas ce, dangin funfuna, wadda ake shaƙa daga ƙasa da busasshen kashin tsuntsaye irin su tattabara. Mai lafiya kan shaƙe ta ya wuce abinsa. Wanda garkuwarsa ta karye kuwa, sai ta haye masa har ƙwaƙwalwa.

Mun yarda da ƙaddara, amma abin da likita ya faɗa mini daga baya ya tsaya mini a rai. Ashe akwai gwajin jini da ake kira CrAg, ɗan tsinke kamar na gwajin maleriya, da ke ba da sakamako cikin kamar minti 10, yana kuma nuna ƙwayar makonni kafin ciwon kan ya fara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi wa duk babban da ke da ƙanjamau wanda CD4 ɗinsa, wato ma'aunin ƙarfin garkuwar jikinsa, ya gaza 100, a duba yi wa masu ƙasa da 200 ma. In ta nuna tun ba ta kai ƙwaƙwalwa ba, maganin fulkonazol kan tare ta. A 2022 hukumar ta sa Kiriftokokas a sahun gaba na funfunan da suka fi haɗari.

Kai likita ne, ranka ya daɗe, ka fi ni sanin wannan. Roƙona shi ne duk inda ake raba maganin ƙanjamau, har ƙaramin asibitin karkara, a ajiye gwajin CD4 da tsinken CrAg a teburi ɗaya, kyauta, da fulkonazol a kusa. A kuma tuna da waɗanda suka daina zuwa suka dawo, irin ƙanwata, a gwada su ranar da suka dawo ɗin.

Wassalam,
Yayan marigayiya