Sanarwa: sunayen tsofaffin ɗaliban Mazenod

Assalamu alaikum ƴan uwa. Muna tattara sunayen fitattun mutanen da suka yi karatu a Collège de Mazenod ta Ngaoundéré, makarantar da limaman Katolika na Oblat suka kafa, aka raɗa mata sunan Eugène de Mazenod, bishop na Marseille a Faransa.

Don Allah kada mu tsaya kan masu manyan muƙamai a Yaoundé kawai. Malamar da ta shafe shekaru tana koyarwa a Meiganga, da likitan da marasa lafiya ke yi wa layi tun asuba a Garoua, su ma wallahi sun cancanta.

A turo suna, shekarar da mutum ya ci bak (jarrabawar kammala sakandare), da hoton aji in akwai, ko da ya koɗe. Wanda yake raye, a fara neman izininsa.