Bayanin kwamitin gyaran ƙaramin asibiti: ga inda kuɗinku suka shiga

Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu, da duk wanda ya sa hannu a aljihu saboda wannan aiki. Tun da aka buɗe ƙaramin asibitin nan wayoyinmu ba su huta ba, wasu su tambaya cikin mutunci wasu kuma da habaici, amma tambayar ɗaya ce, wai ina kuɗin suka shiga tunda ga ɗakin haihuwa nan ba a ƙarasa ba, katanga ba get, sai farantan sola kawai ake hangowa a kan rufi. Haƙƙinku ne ku tambaya. Abin da bai mana daɗi ba shi ne masu yaɗa magana ba su taɓa zuwa sun ce a nuna musu takarda ko ɗaya ba, alhali duk rasit yana wurin ma'aji, akantan asibitin koyarwa da wannan ƙaramin asibitin yake reshensa ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya sa hannu, kuma wanda yake so ya zo ya zauna ya duba ba wanda zai hana shi.

Abubuwan farko ba su da doguwar magana. An yarda tun a zaman farko cewa gyara tsohon ginin ya fi tayar da sabo tunda tushensa lafiya lau kuma yana tsakiyar jama'a. Mun karɓi lissafin 'yan kwangila daban-daban muka ɗauki wanda injiniyan asibitin koyarwa ya gamsu da shi. An yi filasta da fenti, an sa tayil a ɗakin ganin likita da na allura da lab, an canza ƙofofi da tagogi, an gyara banɗakuna, an haƙa rijiyar burtsatse an ɗora tanki. Ba wanda ya yi ƙorafi a kan waɗannan.

Sai dai akwai maganar da shugabannin asibitin koyarwa suka faɗa mana tun kafin a sauke buhun siminti ko ɗaya, in ba ku ji ta ba ba za ku gane sauran bayanin ba. Suka ce su ma suna son wannan reshe, don layin da ke gaban likitocinsu kullum cike yake da masu zazzaɓin cizon sauro da hawan jini da suga da mata masu awo, abubuwan da ƙaramin asibiti zai iya da su, su kuwa an kafa su ne saboda manyan cututtuka da tiyata da koyar da ɗalibai da bincike. Amma fa suka ce kar mu gina musu abin da zai zame musu kaya. Gwamnati albashi take biya sai ɗan abin da ya samu na manyan ayyuka, shi ma ba kullum yake fitowa a kan lokaci ba, shi kuwa man janareta da ruwa da kwashe shara da safar hannu da gyaran injina, akasari daga abin da asibiti ya tara da kansa ake yi, wato kuɗin kati da gwaje-gwaje da hoto da famasi da ɗakunan masu hali. Daga nan ɗin dai ake toshe ramin emajensi, inda za a kawo mutum jina-jina ba ɗan uwa ba ko sisi a jikinsa kuma dole a taɓa shi, daga nan ake riƙe ɗakin kulawa ta musamman da na jariran bakwaini da wutarsu ba ta ɗaukewa dare da rana. To sharaɗin da muka sa wa hannu shi ne su za su kawo ma'aikata, nas-nas da likitoci masu neman ƙwarewa da ɗaliban da ake turowa koyon aikin lafiyar al'umma, mu kuma mu miƙa musu ginin da zai iya ɗaukar hidimarsa ta yau da gobe ba sai ya dinga miƙa hannu ga uwar asibiti ba.

Masu cewa ai wannan duk aikin gwamnati ne, ba mu musa ba. Tun 1978 ƙasashen duniya suka zauna a birnin Alma-Ata, a ƙasar Kazakhstan ta yanzu, aka ce a kai lafiya matakin farko kusa da mutane, a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, ƙasashe ƙalilan ne suka taɓa cikawa. Mu dai ba mu ga dalilin barin gini yana ruɓewa muna jira ba.

Yanzu rufi. A lissafin farko faci kawai aka ce za a yi a canza kwanon da ya huje, don daga ƙasa ba abin da ido yake gani. Ranar da aka ɓalle silin kafinta ya hau ya ɗora sukundireba a kan katakon da ke ɗauke da rufin, bai ma danna da ƙarfi ba ta lume har ƙota kamar a jiƙaƙƙiyar ƙasa, gari ya dinga zubo masa a fuska. Gara ta cinye ciki ta bar ɓawo. Muka bi ɗaki ɗaki, kusan ko'ina haka. Sannan injiniya ya ce silin ɗin kansa tsohon asbestos ne, kuma wannan ba abin da za a sa lebura ya farfasa da guduma ba ne don ƙurarsa tana zama a huhu tana jawo ciwon daji bayan shekaru, dole aka jiƙa shi aka cire falle falle ba tare da an fasa ba, masu aikin da takunkumi, aka naɗe aka kai inda hukuma ta nuna. Wani a cikinmu ya ce a mayar da silin a rufe a yi shiru tunda ba wanda ya gani, wallahi an faɗi haka, sauran muka ce a'a, ba za mu kwantar da yara ƙarƙashin abin da iskar damina ɗaya za ta iya saukowa da shi ba. Aka sauke rufin gaba ɗaya, aka sa sabon katako da aka jiƙa da maganin gara, aka yi wa ƙasan ginin feshi, aka ɗora sabon kwano. Kuɗin da aka ware wa ɗakin haihuwa nan ya fara tafiya.

Sai maganar da ta fi tayar da ƙura, sola. Eh, ita ta ci kaso mafi tsoka bayan rufi, kuma eh, janareta da ya fi ta araha nesa ba kusa ba a ranar saye. Amma ku tsaya ku ji abin da janareta yake yi wa irin wannan asibiti. Wata na farko lafiya, na biyu lafiya, ranar da mai ya ƙare ba kuɗi a ƙasa sai a leƙa asusun magani a ce a ara za a mayar, ba a mayarwa, sai kantar magani ta fara yin fayau, sai a fara rubuta wa mutane takarda a ce su je su sayo a waje, su kuma in sun ga ba magani ba wuta ba gwaji sai su daina zuwa su koma can babban asibiti su ƙara tsawon layin da aka ce za a rage. Shi asusun magani mai juyawa, tsarin da aka yaɗa tun bayan taron Bamako na 1987, ba wani sirri a cikinsa, a sayi magani da jari a sayar da 'yar riba kaɗan kuɗin ya koma sayen wani maganin, kuma abin da yake kashe shi shi ne a taɓa shi don wata hidimar daban. Mun ga janareta ne zai fara taɓa shi. Ga kuma babban janareta in aka tayar da shi don fanka da fitila da firji ɗaya mai kawai yake sha, injin ma lalacewa yake in yana aiki ba nauyi.

An kuma ce me ya sa ba mu sayi batura masu ruwa irin na gida ba muka je muka ɗauko na litiyam masu tsada. Batirin ruwa ba a so a sha fiye da rabin cajinsa in ana so ya daɗe, zafi yana rage masa kwana, yana son a dinga duba ruwansa, to wa zai dinga yi, nas ɗin da ke fama da layin masu awo? Na litiyam ana shan mafi yawan cajinsa kuma yana jure caji da saukewa sau dubbai. Da mun sayi mai arahar da nan da 'yan shekaru kaɗan mun dawo muku da ƙoƙon bara, ko kuma nauyin ya faɗa kan asibitin koyarwa, abin da muka sa hannu ba za mu yi ba. Firjin rigakafi ma haka, allurar rigakafi tsakanin digiri 2 zuwa 8 take zama, in ta yi zafi ta lalace wasu kuma in suka daskare sun tashi aiki, kuma ido ba lallai ya gane ba, sai a yi wa yaro allurar da ba ta da amfani uwa ta tafi da murna. Shi ya sa muka ɗauki irin wanda yake haɗe kai tsaye da farantinsa ba batir, da rana yana daskarar da ruwan da ke jikin bangonsa, wannan ƙanƙarar ce take riƙe sanyi da dare har da ranakun hadari. Ku shiga ɗakin rigakafi ku ga takardar da ke manne a murfinsa, safe da yamma ana rubuta awon sanyi. Injin oksijin ma yana kan sola ɗin, famfon rijiya ma haka.

Godiya kuwa ba mu san ta ina za mu fara ba. Hajiyarmu da ta hana a faɗi sunanta, wadda da ta ji labarin rufi ba ta tambayi komai ba sai nawa ya rage, washegari tirela ta sauke kwano, Allah ya saka mata da gidan Aljanna ya jiƙan mahaifanta ya raya mata zuri'a. Tsofaffin ɗaliban makarantar likitanci da ke aiki a ƙasashen waje, su suka ɗauki baturan da firji, kuma su suka tsaya mana lokacin da ake cewa mun yi almubazzaranci, Allah ya ƙara buɗi ya tsare su a inda suke. Injiniyan asibiti da bai karɓi ko kuɗin mai ba, kafintan da ya ƙi rufa mana asirin ƙarya, matan da suka dinga tara ɗan abin da ya samu duk mako, matasan da suka kwana gadin kaya, Allah ya biya kowa.

Abin da ya rage shi ne yake hana mu barci. Ɗakin haihuwa an yi rufi an ja waya amma ba tayil, ba gadon haihuwa, ba fitilar aiki, ba wurin wanke kayan aiki, don haka mace za ta yi awonta a nan wata da watanni amma ranar naƙuda sai an nemi mota cikin dare an tafi can. Ba wurin kwanan ma'aikata, kuma asibitin koyarwa ya faɗa ƙarara ba zai turo ungozoma aikin dare ba sai akwai ɗaki mai makulli da katanga mai get, mu ma ba mu ga laifinsu ba. Ba wurin ƙona allurai da sharar asibiti, yanzu a kwali ake tarawa ana kai musu. Jarin magani ma siriri ne, ga waɗanda suke zuwa ba su da ko na kati, kuma mun ƙi yarda a dinga yafe musu daga asusun magani don haka yake mutuwa, muna so a buɗe musu nasu asusun daban wanda zai dinga biya musu.

Ba sai kuɗi ba. Mai siminti ya kawo siminti, mai tayil ya kawo, birkila ko mai walda da zai ba da yini ɗaya muna so, wanda kuma zai iya ɗaukar nauyin katin mutum ɗaya duk wata ya yi wa ma'aji magana a rubuta shi. Asusun yana nan yadda yake, sai da sa hannun mutum biyu kuɗi ke fita, ɗaya daga kwamiti ɗaya daga asibitin koyarwa. Ɗakin haihuwa za mu fara kamawa da zarar abin da ya shigo ya kai na tayil da gado, get da ɗakin ma'aikata su biyo baya.