Masu Haɗa Manhaja, Ku Daina Rubuta Nau'in Bayanai Da Hannu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in ja hankalin masu haɗa manhajar da ke karɓar bayanai ta GraphQL, harshen da manhaja ke neman bayanai da shi, wanda Facebook ya sakar wa jama'a a 2015. Har yanzu wasu da hannu suke rubuta nau'in kowane bayani, alhali akwai janareta, wato manhajar da ke samar da wannan lambar da kanta: ga GraphQL Code Generator na harshen TypeScript, ga Apollo Kotlin na Android.

A sauko da sikima (tsarin da ke fayyace nau'in kowane bayani) daga saba (kwamfutar da ke bayar da bayanan), a ajiye tambayoyin neman bayanai a fayil mai ƙarshen .graphql, kowacce da sunanta daban, sai a kunna janaretan.

Inda ake tuntuɓe shi ne gurbin bayanin da ba shi da alamar "!" a sikima. Yana iya dawowa fanko, don haka lambar da aka samar za ta tilasta maka dubawa. Kada ka toshe mata baki. Nau'in da masu saba suka ƙirƙira, kamar DateTime, sai ka fayyace shi a saiti, in ba haka ba ya zama "any", wato nau'in da ke karɓar komai, kariyar ta tafi. Tsohuwar sikima kuwa ta fi muni: komai zai haɗu lafiya, sai a wayar mutane tambayar ta faɗi. A sabunta ta kafin kowane gini. Kuma kada a gyara fayil ɗin da janareta ya fitar, zagaye na gaba zai shafe gyaran.

Naka,
Wani mai haɗa manhaja