Wasiƙa daga Garwa zuwa Istanbul

Assalamu alaikum ɗana. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, innarka da ƙannenka duk suna gaishe ka.

Yayarka ta nuna mini hoton gidan da ka kama haya. Tsohon bene, bango duk ya tsattsage, ɗakinka kuma a ƙarƙashin ƙasa, wai don ya fi arha. Tun ranar barcina ba ya nisa.

Kai ɗan Garwa ne, iyakar abin da ka sani cikar Binuwai da zafin bazara. Garin da ka je yana da tsohon tarihi da girgizar ƙasa. A 1509 ta yi masa ɓarnar da mutanen zamanin suka kira ƙaramin tashin alƙiyama. Ta dawo a 1766, ta sake dawowa a 1894. A watan Agustan 1999 ta auka wa Izmit, nan kusa da ku, cikin dare mutane na barci, ta kashe sama da mutum 17,000, har cikin Istanbul benaye sun rufta. Tsagewar ƙasar da ke haddasa wannan girgizar tana ƙarƙashin tekun Marmara, kudu da birnin, kuma masana sun daɗe suna cewa wata babba na nan tafe. Ta Fabrairun 2023 kuwa tare muka kalla a waya: fiye da mutum 50,000 a Turkiyya, har da Christian Atsu, ɗan ƙwallon Gana, wanda aka tono gawarsa daga ɓaraguzai a Antakya.

Kada ka ce mini ajali ne. Ni za ka koya wa ajali, ni da na kai yayanka makwancinsa da hannuna? Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi a ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah. Ban sayar da filin kakanka don ka je ka kwana a rami ba. Kun sha cewa na cika tsoro, ku yi ta faɗa.

Na san tausayina ka ji, ba ka son ka ƙara mini nauyi, Allah Ya yi maka albarka. Amma ka tambayi mai gidan shekarar da aka gina shi. In kafin 1999 ne, ka tashi, ka nemi sabon gini ko da nesa da makaranta ne. Cikon kuɗin zan aiko ta hannun kawunka ƙarshen wata. Ka kira innarka ranar Juma'a, ban gaya mata zancen ɗakin ba.

Mahaifinka