A Daina Rufe Tsatsar A-kori-kura da Baƙin Fenti

Ya mai girma Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in ja hankalin masu motocin a-kori-kura kan ɓarnar da tsatsa ke yi wa casis da sauran ƙarafan ƙarƙashin mota, waɗanda su ne ke ɗauke da nauyinta da na kayan da ake labta mata.

Kwanan baya na raka wani abokina duba wata a-kori-kura da yake son saya, muka tarar da ƙarƙashinta baƙi wuluk, yana sheƙi da sabon shafe mai kama da kwalta. Da bakanike ya shiga rami ya ƙwanƙwasa casis ɗin da guduma kusa da maƙalin sifirin na baya, sai ɓawon shafen ya ɓantare, jan ɓarɓashi ya zubo masa a fuska. Ya danna sukudireba a wurin, ta shige ba gardama. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin wannan mota ce da za a ɗora wa kaya da mutane.

Ƙarfe ba ya tsatsa sai ruwa da iska sun haɗu a jikinsa, gishiri kuma yana ƙara wa abin sauri, shi ya sa motocin bakin teku da na ƙasashen da ake watsa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara suka fi shan wahala. Casis ɗin da aka ƙera a rufe kamar akwati ya fi ban tsoro, domin laka tana shiga cikinsa ta toshe ƙananan ramukan da aka bari don ruwa ya tsiyaye, ta riƙe danshi na tsawon watanni, har ƙarfen ya ruɓe daga ciki alhali wajensa yana nan sumul. Ko a Amurka, a shekarar 2016 kamfanin Toyota ya amince da sulhun da ya kai kimanin dala biliyan 3.4 kan tsatsar casis a motocin Tacoma da Tundra da Sequoia.

Wanda ya shafa baƙin fenti a kan tsatsa ya kulle danshin ne tare da ƙarfen. Abin da ya dace shi ne a kankare wurin da burushin waya ko injin gugar ƙarfe har sai lafiyayyen ƙarfe ya bayyana, a shafa maganin tsatsa mai ɗauke da asid ɗin fosforik, wanda ke mayar da ragowarta baƙin shafi mai tauri, a bari ya bushe sarai, sannan a sa fentin ƙasa mai tutiya kafin fenti na sama. Inda ƙarfe ya riga ya huje kuwa, babu maganin shafawa, sai ƙwararren mai walda ya yanke ruɓaɓɓen ya sa sabon ƙarfe mai kauri daidai da na asali.

Rigakafin ya fi sauƙi. A riƙa wanke ƙarƙashin mota da ruwa mai ƙarfi bayan an bi hanyar taɓo, a buɗe ramukan tsiyayar ruwa da waya, kuma sau ɗaya a shekara a fesa man kare ƙarfe har cikin casis. Ban goyi bayan fesa baƙin man inji ba, duk da yawan masu yin haka, saboda yana lalata robobi kuma yana ɗiga ya gurɓata ƙasa. Idan an shiga rami kuma, a sauke safayar taya a duba samanta, a bi bututun birki da tocila daga gaba har baya, domin siriri ne, idan tsatsa ta huda shi man birki zai zube direba ya taka ya ji wayam.

Na gode da ba ni wannan dama.

Naka,
Wani mai a-kori-kura